Kwanaki Kaɗan a Kiribi, Inda Kogin Lobe Ke Faɗawa Teku

Bahaushe matafiyi ne tun fil'azal, sai dai tafiyarsa kullum da dalili a gabanta: fatauci, neman ilimi, aikin Hajji, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa. Tafiyar da ba ta da wata manufa sai hutu baƙuwa ce gare mu, shi ya sa in mun tashi yin ta sai mu ɗora mata kayan waɗancan. A tashi da asuba, a cika yini da zirga-zirga, a ɗauki hoto a wuri goma, a dawo gida da gajiyar da ta fi wadda aka tafi da ita. Garin bakin teku bai gaji wannan ba. Kiribi, a kudancin Kamaru, wuri ne da mutum zai koyi hutu a cikinsa, muddin ya gama da abubuwa masu wuya tun yana gida, ya kuma bar mafi yawan kwanakinsa na can a sake.

Garin yana bakin mashigin tekun Gini, daidai inda kogin Kiyenke yake shiga tekun Atilantika, kuma shi ne hedikwatar gundumar da Faransanci ke kira Océan a Jihar Kudu. Yashinsa fari-fari ne, saɓanin na garin Limbe da aman dutsen Kamaru ya mayar baƙi. Daji ne mai duhu a bayan gari, itatuwan kwakwa kuma sun jeru har bakin ruwa. Gaɓar tana fuskantar yamma, don haka rana cikin teku take faɗuwa. Wanda ya tashi a Katsina ko Damagaram, inda ido ya saba da fili da ƙaya, zai iya cinye yininsa na farko yana kallon kore da ruwa kawai, kuma bai yi asarar komai ba.

Abu na farko da za a tsayar shi ne lokaci. Ruwan saman da ke sauka a Kiribi a shekara ya kusa milimita 3,000, wato ya ninka na Kano sau uku ko fiye, kuma damina biyu ake yi: ɗaya daga wajen Maris zuwa Yuni, ɗaya mai ƙarfi daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu rani ne, sama ta fi yin sarari, hanyoyin ƙauye sun fi biyuwa. Amma ƙarshen Disamba lokacin Kirsimeti ne da sabuwar shekara, mutanen Duwala da Yawunde suna kwararowa, ɗakuna su yi tsada, kiɗa ya kwana yana tashi. Haka ma kowace Asabar da Lahadi, gwargwadon hali. A ganina mai neman natsuwa ya nufi tsakiyar Janairu ko Fabrairu, ya sauka ranar Litinin ko Talata, ya juya kafin gari ya cika. Kada kuma kalmar rani ta yaudari kowa. Babu hunturu irin namu a can, babu bushewar leɓe. Iska ce mai nauyi da danshi, kamar ka shiga ɗakin da ake wankan jego, sai in iskar teku ta taso da yamma ta kore ta. Shadda mai sitati da babbar riga a bar su a gida. Yadi mara nauyi, na auduga, shi ne abokin tafiya, ga maza da mata duka.

Sai takardu. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, abin da mutanenmu da suka saba da shiga Kwatano ko Akara sukan manta. Ɗan Najeriya da ɗan Cadi suna shiga gajeriyar ziyara ba tare da biza ba, ɗan Nijar da ɗan Gana kuwa sai sun nema, kuma ya kyautu a tuntuɓi ofishin jakadanci kafin a sayi tikiti, domin ƙa'idojin iyaka sukan sauya. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne ga kowa. Kuɗin ƙasar sefa ne, amma ta Afirka ta Tsakiya. Darajarta ɗaya da sefar Nijar, sai dai takardun daban ne, mai sayar da kifi a Kiribi ba za ta karɓi jakar Maraɗi ba. A canza tun a Duwala ko Yawunde, a kuma nemi ƙananan takardu da sulalla, don canji yana wuya ainun, mai acaɓa ba shi da canjin jaka goma. Layin wayar MTN ko Orange na ƙasar yana sauƙaƙa biyan kuɗi ta waya, wanda ya zama ruwan dare a can.

Hanya biyu ce ta hankali. Mai hali ya hau jirgin sama zuwa Duwala, daga nan mota ta kai shi Kiribi ta garin Edeya, tafiyar kilomita kusan 170, awa uku in hanya ta yi kyau. A Edeya ake tsallaka kogin Sanaga, a ga tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka gina a 1911 tana nan tsaye, daga nan sai gonakin kwakwar manja har kusa da teku. Wanda ya fito daga arewa, ta Garwa, ya bi jirgin ƙasan Camrail da ke tashi daga Ngaundare da yamma ya wayi gari a Yawunde, layin da ya isa Ngaundare tun 1974. Wannan hanya ta fi tsawo amma ta fi daɗi, domin a dare ɗaya mutum yake barin ƙasar shanu ya farka a cikin kurmi. A Yawunde ya ya da zango a unguwar Birketeri, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa, ya ci tsire, ya yi sallah a cikin jam'i, washegari ya kama motar Kiribi. Hanyar da ba zan ba kowa shawarar bi ba ita ce ta ƙasa daga Kuros Riba ta cikin jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, inda ake rikicin 'yan aware tun 2017. Ko ta ina aka bi, a yi tafiya da rana. Manyan motocin katako da na kwantena sun yi yawa a kan titin Edeya, dare bai dace da shi ba.

Zaɓin masauki shi ne rabin hutun. Cikin gari ya fi arha, ya fi kusa da kasuwa da masallaci, ya kuma fi hayaniya. Otal-otal ɗin bakin ruwa sun jeru kudu da gari, kan hanyar Lobe da Grand Batanga, wasu kuma arewa ta wajen ƙauyen masunta na Lonji. Kafin a biya kuɗi a yi tambayoyi ƙanana waɗanda hoton intanet ba ya amsawa. Akwai janareta in an ɗauke wuta, kuma har gari ya waye yake aiki? Akwai gidan sauro? Zazzaɓin cizon sauro yana nan shekara zagaye, kuma wanda zai je da yara ko mai juna biyu ya ga likita tukuna. Mashaya tana ina daga ɗakin? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ƙarama ba ce ga mai iyali, domin yawancin masaukan suna sayar da giya, kuma ɗakin da ke nesa da wurin shan ya fi wanda ke kallon teku amma kiɗa na dukan bangonsa. Masauki ɗaya ya isa. Sauya ɗaki kowace rana don a ɗanɗana ko'ina hanya ce ta mayar da hutu ɗaurin kaya da kwancewa.

Yanzu maganar da ta fi kowace muhimmanci, ina kuma roƙon mai karatu ya tsaya a kanta. Teku ba tafki ba ne, ba kuma kogin Haɗeja ba. Wanda ya iya ninƙaya a kududdufin bayan gari bai san wannan ruwa ba. Yana cikowa ya janye sau biyu a yini da dare, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, don haka inda ka shimfiɗa tabarma jiya da hantsi yana iya zama cikin ruwa jibi. Mafi haɗari shi ne wata siririyar hanyar ruwa da ke komawa cikin teku da gudu bayan igiyoyi sun fashe a gaɓa. Abin takaici, wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, babu kumfa, babu tashin igiya, sai baƙo ya zaɓe shi da kansa. In ta ɗauki mutum, kokawa da ita don komawa gaɓa kai tsaye ita ce ke ƙarar da ƙarfi. Abin yi shi ne a kwantar da hankali, a yi iyo a gicciye, ta gefen da gaɓar ta miƙe, har a fita daga cikinta, a kuma ɗaga hannu a nemi agaji. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce gwiwa, kuma babu abin kunya a cikin haka. Yaro kada ya yi nisan da hannun babba ba zai kai gare shi ba, ko da ruwan iya idon sawu ne. Yawancin gaɓar babu masu ceto. Masunta su ne malaman wurin: a gaishe su, a tambaye su inda ake shiga da inda ba a shiga, a bi abin da suka ce.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, ba sai an tuɓe ake more teku ba. Da sanyin safiya, kafin masu yawon shaƙatawa su fito, gaɓar kusan fayau take, sai masu jan taru. Doguwar riga da wando mara nauyi sun wadatar don taka ruwa. A dai kiyayi shiga da zani ko hijabi mai faɗi inda ruwa ya yi zurfi, domin in ya jiƙe nauyi yake yi, igiya kuma ta sami abin ja.

In an kiyaye wannan, sauran duk daɗi ne, kuma mafi yawansa a faranti yake. A bakin kogin Kiyenke akwai wurin sauke kifi, wanda mutanen gari ke kira debarkade, da aka gina da taimakon ƙasar Japan. Kwale-kwale suna shigowa daga teku, a zube kifi, a yi ciniki da ihu da dariya. Ba kowace rana ake cika ba, don haka tun daren farko a tambayi ma'aikatan masauki ranar da masunta suka fi dawowa. Tsarin cin abincin wurin shi ne ka zaɓi kifinka ɗanye da idonka, ka duba jan kunnensa da hasken idonsa, ku daidaita kuɗi, sannan ka miƙa wa matan da ke gasawa a gefe. Su za su tsaga shi, su shafe shi da haɗin tafarnuwa, citta, barkono da wasu 'ya'yan itacen kurmi masu ƙamshi, su ɗora a kan gawayi. A kawo maka shi da soyayyen agada ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa ya yi ɗan tsami, aka daka, aka naɗe a ganye aka dafa. A yi maganar kuɗin kifi daban, kuɗin gashi daban, tun kafin a hura wuta. Wannan ba rowa ba ce, kare zumunci ne. Batanga, mutanen gaɓar, suna da farfesun kifi mai lemon tsami da yaji da suke kira ebanjeya, wanda ya cancanci a nema. Jatan landen Kiribi kuwa ya yi suna a duk faɗin ƙasar.

Musulmi ba zai ji yunwa ba a nan. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu ke bi, dabbobin ruwa halal ne, har da jatan lande da ƙaguwa. Inda ake taka-tsantsan shi ne naman ƙasa. Ana cin alade da naman daji a kudancin Kamaru, kuma wasu otal suna zuba giya a miya irin girkin Turawa, sai a tambaya. Mai marmarin nama ya nemi masu tsire da yamma. Kamar sauran garuruwan kudu, galibinsu 'yan arewa ne, Hausawa da Fulani, kuma sallama ɗaya ta isa ta buɗe hira. Su ne za su nuna maka masallacin Juma'a, su gaya maka kuɗin acaɓa na gaskiya zuwa duk inda ka nufa. Faransanci ne harshen gari, amma gaisuwa biyu-uku da ƙidaya sun isa a yi ciniki.

Sallah ita ce mafi kyawun agogon waɗannan kwanaki. Kiribi tana kusa da tsakiyar duniya, dare da rana kusan daidai suke duk shekara, rana tana faɗuwa bayan ƙarfe shida da 'yan mintuna, duhu kuma ba ya jira. Agogon ɗaya ne da na Najeriya da Nijar. Alƙibla tana arewa maso gabas, wato mai sallah a gaɓa zai ba teku baya. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana ƙasaru a Malikiyya, wanda ya yi niyyar haka kuwa ya cika. In mutum ya tsara yininsa a kan haka, fita bayan asuba, inuwa da barci tsakanin azahar da la'asar, komawa bakin ruwa har magariba, zai ga wuri ɗaya tak ya rage na yawo a kowace rana. Hakan kuma shi ne daidai.

Yawon da ba a bari shi ne magangarar Lobe, kilomita bakwai zuwa takwas kudu da gari. A nan kogin Lobe yake rarrabuwa a kan duwatsu ya zubo kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake gani ba a duniya. Tun 2006 Kamaru ta sa wurin a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Masu kwale-kwale suna kai mutum har inda feshin ruwa ke jiƙa fuska. A daidaita kuɗi a tudu, a nemi rigar ceto, in babu a haƙura a kalla daga gaɓa, kallon ma ya isa. Mutanen wurin suna girmama wannan ruwa, suna da al'adun da suke yi a cikinsa tun kakanni. Baƙo ba sai ya yarda da abin da suka yarda da shi ba kafin ya kama bakinsa ya kuma kwashe sharar robarsa.

A nan ne za a yi maka tayin hawa kogi a kai ka ka ga Bageli, mutanen kurmi da ake kira gajeru. Ina da ƙorafi a kan wannan yawo. Bageli mafarauta ne da masu sanin magungunan daji, kuma gonakin roba da na kwakwar manja da saran katako sun ci dajin da suke rayuwa a cikinsa. Sau da yawa abin da ake nuna wa baƙo shi ne mutane matalauta da aka tara su yi rawa a ɗauke su hoto, kuɗin kuma ya tsaya a aljihun ɗan rakiya. Mu da muka san zafin a zo a kalli talaucin almajiranmu a ɗauki hoto a tafi, bai kamata mu yi wa wasu haka ba. Wanda zai je ya tabbatar abin da ya bayar ya shiga hannunsu, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya. Hawan kogin kansa, a cikin inuwar manyan itatuwa, ana iya yin sa ba tare da an sauka a gidan kowa ba.

Wata safiya a ba wa garin kansa, a ƙafa. A bakin kogi akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da tsohuwar cocin Katolika ta zamaninsu. A lokacin mulkinsu, wanda ya fara a 1884, ta Kiribi ake fitar da roba da hauren giwa, a kan kawunan 'yan dakon da ke tafiyar makonni daga cikin kurmi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi wa Batanga mummunan ɓarin: Jamusawa sun kashe sarkinsu Madola a 1914 bisa zargin haɗa baki da abokan gaba, jama'a da yawa kuma aka kwashe su zuwa gindin dutsen Kamaru, ba su dawo ba sai 1916. Har yau suna bikin tunawa da dawowar a ranar 9 ga Mayu, da waƙe-waƙe da shiga ruwa. Mai kifin da kake ciniki da ita wataƙila jikar waɗanda suka dawo ce, kuma sanin haka yana gyara yadda mutum zai yi mata magana.

Da dare za a hango fitilu can cikin teku, ba kuma na masunta ba ne duka. Bututun man da ya taso daga Doba a kudancin Cadi, mai tsawon kilomita 1,070, a Kiribi ya ƙare, kuma tun 2003 ake loda ɗanyen man Cadi a jiragen ruwa daga wata ma'ajiya da ke shawagi a gaban garin. Kilomita kusan 35 kudu, a Mboro, akwai tashar jiragen ruwa mai zurfi da wani kamfanin ƙasar Sin ya gina, wadda ta fara aiki a 2018. Ta kawo ayyuka da sabon titi, ta kawo tsadar filaye da manyan motoci, masunta kuma suna kukan sai sun yi nisa kafin su cika kwale-kwale. Kiribin da ake gani yau tana tsakanin ƙauyen masunta da garin masana'antu, shi ya sa nake ganin kuɗin baƙo ya fi amfani in ya faɗa hannun mai gasa kifi, mai kwale-kwale da mai ƙaramin masauki.

Wanda ke da kwana na huɗu da sauran kuzari, akwai ƙauyen Eboje, kimanin kilomita 50 kudu a kan hanyar Kampo, inda manyan kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa yashi su yi ƙwai, galibi a watannin ƙarshen shekara da farkon sabuwa. Mutanen ƙauyen ne ke gadinsu, su ke raka baƙi, kuma kwana ake yi a can in ana son gani. Ba a haska musu fitila, ba a taɓa ƙwan. Gaba da nan akwai gandun dajin Kampo Ma'an da aka kafa a 2000, amma wannan tafiya ce mai zaman kanta, da mota mai ƙarfi da takalmin daji. Cusa ta cikin hutun kwana uku zalunci ne ga hutun da kuma dajin.

Ranar komawa a tashi da sassafe, musamman mai jirgin sama, domin cunkoson mashigar Duwala yana iya cin awa ɗaya ko biyu bayan an gama doguwar hanya lafiya. Wanda jirginsa na safe ne gara ya kwana a Duwala. Tsaraba a saye ta tun jajibiri: busasshen jatan lande da kyafaffen kifi daga kasuwar gari, a naɗe da takarda a sa a leda biyu saboda wari, sai farin masoron garin Penja, wanda ake samu a kasuwannin Duwala, uwargida kuma za ta yaba da shi a miya. Duk wanda ya kawo maka ƙoƙon bayan kunkuru ko abin da ya ce hauren giwa ne, ka ba shi haƙuri. Doka ta hana cinikinsu, kuma jami'an kwastan suna bincike a filin jirgi.